Ƙaho da Maƙogwaro: Wasan Bijimi da Waƙar Filamenko a Sifaniya



  

An nemi in yi magana a kan al'adu biyu na ƙasar Sifaniya: wasan da mutum ke karawa da bijimi a fili har ya kashe shi, da kuma waƙa da kiɗa da rawar da ake kira filamenko. Na san wani zai ce, me ya haɗa mu da su? Ai Sifaniya ba baƙuwarmu ba ce. Samarinmu sun san ta ta hanyar Real Madrid da Barcelona. Malamanmu kuwa sun riga su saninta da ɗaruruwan shekaru, da sunan Andalus. Ishiriniyar da ake rerawa a zaurukanmu duk watan Mauludi, Alfazazi ne ya tsara ta, kuma a Kurɗuba aka haife shi. Ibn Malik mai Alfiyya haifaffen Jayyan ne, garin da yau ake kira Jaén. Wannan yanki na kudancin ƙasar, wanda har gobe sunansa Andalusiya, nan ne al'adun nan biyu suka fi yin saiwa.

Duniya ta saba ganin su a manne a jikin kalanda da tallan yawon buɗe ido: ga namiji da jan ƙyalle, ga mace da doguwar riga mai tattara. Ni kuwa ina ganin hanyarsu ta rabu, kuma dalilin rabuwar yana cikin tambaya ɗaya: a kowanne daga cikinsu, wa ke ɗaukar zafin? Zan bi maganar gaɓa-gaɓa har shida.

Na ɗaya: abin da ke faruwa a cikin filin.

Ku ɗauka muna zaune a Las Ventas, babban filin wasan da ke Madrid, wanda aka buɗe a 1931, mai ɗaukar mutum fiye da 23,000. Filin zagayayye ne, ƙasansa yashi. Kujerun inuwa sun fi na rana tsada. Da yamma ake farawa. Gwanaye uku ne za su yi wasa, kowane ana kiransa matador, kowane da yaransa, kuma bijimai shida za a kashe, biyu-biyu.

Bijimin ba na noma ba ne, ba kuma na kiwon nama ba. Jinsi ne da aka ɗauki ƙarnuka ana tacewa saboda zafin zuciya kawai. Gidan kiwo na Miura, misali, tun 1842 yake wannan sana'a. Dole bijimin ya cika shekara huɗu, kuma a manyan filaye kada nauyinsa ya gaza kilo 460. Abu mafi muhimmanci, bai taɓa karawa da mutum mai ƙyalle ba sai ranar. Me ya sa? Domin dabba ce mai saurin ganewa. In aka bar shi ya daɗe, zai gane ƙyallen yaudara ne, ya nufi mai riƙe da shi. Saboda haka duk wasan bijimi ɗaya bai fi kamar minti ashirin ba.

Kashi uku ake yi. A na farko, bayan an gwada shi da babban mayafi mai ruwan hoda da rawaya, sai mahaya su shigo a kan dawakai da aka rufe wa ido, aka lulluɓe da katifa. Bijimi ya kai wa doki karo, mahayi ya caka masa mashi a tsokar doron wuya, daidai inda tozo yake a shanunmu. Manufar ita ce wuyan ya yi rauni, kai ya sunkuya. Katifar nan sai a 1928 aka wajabta ta. Kafin nan, sau da yawa dawakan da ke mutuwa a yini ɗaya sun fi bijiman yawa, hanjinsu a waje. A kashi na biyu, mutane a ƙasa su ruga su kafa masa sanduna masu ƙugiya a kafaɗa, biyu-biyu har sau uku, su bar su suna reto a jikinsa. A na uku ne matador ke fitowa shi kaɗai da ɗan jan ƙyalle da takobi. Ga wani abu da mutane da yawa ke kuskure a kai: bijimi ba ya bambance launin ja. Motsi yake bi. Jan ƙyallen al'ada ce, kuma yana ɓoye jini.

A nan ne masoya wasan ke cewa fasaha take. Mutum ya kafe ƙafafunsa a yashi bai motsa ba, ya ja dabba mai rabin tan ta wuce ta gefen cikinsa a hankali, har jininta ya shafi rigarsa mai zinariya, ya sake juyo da ita, ya sake. Minti goma yake da shi kafin a busa masa gargaɗi na farko. Daga ƙarshe ya faɗa ta saman ƙaho ya luma takobi tsakanin kafaɗu. In ya dace, bijimi ya faɗi cikin daƙiƙu. In bai dace ba, kuma sau da yawa ba ya dacewa, sai a maimaita, dabba tana tangaɗi tana aman jini, har a gama da ita da wuƙa a ƙeya. Alfadarai su ja gawar waje. Jama'a su ɗaga fararen hankici, shugaban fili ya ba da izini a yanko kunne a miƙa wa gwanin. Nadiran akan yafe wa bijimin da ya nuna jarumta ta daban, shugaban ya ɗaga hankici ruwan lemo, a mayar da shi gona ya yi barbara.

Kada mu rage wa mutanen nan abin da ke nasu: haɗarin gaskiya ne. Joselito, wanda ake ganin ba a yi kamarsa ba a zamaninsa, bijimi ya kashe shi a Talavera de la Reina a 1920 yana da shekara 25. Manolete ya mutu a Linares a 1947, bijimin gidan Miura mai suna Islero ne ya huda masa cinya. Paquirri a 1984. Víctor Barrio a garin Teruel a 2016, ana nuna wasan kai tsaye a talabijin.

Na biyu: daga ina ya fito, kuma tun yaushe ake ƙinsa?

A da wasan na sarakuna da 'ya'yan sarauta ne, a kan doki, da mashi, ranar bikin aure ko naɗi ko cin nasarar yaƙi. Talakawa su ne 'yan taimako a ƙasa. Da Felipe na Biyar, wanda ya taso a fadar Faransa, ya hau mulki a 1700, sai ya nuna ba ya son abin. Fadawa suka janye, 'yan ƙasan nan suka gaje filin. A garin Ronda, Francisco Romero ne ake dangantawa da fara kisa a tsaye da ƙyalle da takobi a farkon ƙarni na 18. Jikansa Pedro Romero, ana cewa ya kashe bijimi fiye da 5,000 ba tare da mummunan rauni ba. A Sevilla kuwa, wadda Larabawa ke kira Ishbiliya, da yawa daga gwanayen farko daga mayankar garin suka fito, kamar Costillares, wanda gidansu na ma'aikatan mayanka ne.

Wannan ba zai ba Bahaushe mamaki ba. Su wa ke hawan ƙaho a ƙasarmu? Mahauta ne, rundawa, da kalangu a bayansu, mutum ya yi kirari ya faɗa tsakanin ƙahonin sa ya rungume wuyansa. Wanda ke kwana yana tashi da shanu shi ya san inda sa zai juya. Amma ku lura da bambancin. A hawan ƙaho ɗan wasa ba ya riƙe da makami, ana riƙe da san da igiya, kuma in lokacin yanka ya yi, yanka ake yi irin na shari'a. A Sifaniya raunata dabbar daki-daki har zuwa kisa shi ne wasan kansa.

Masu kare wasan sukan ce ƙin sa sabon yayi ne na 'yan birni. Tarihi bai goyi bayansu ba. A 1567 Fafaroma Pius na Biyar ya fitar da doka da ta hana shi, ya ce duk sarkin da ya yarda a yi a ƙasarsa an fitar da shi daga coci, wanda ya mutu a filin kuma kada a yi masa jana'izar Kirista. Sarki Felipe na Biyu ya ƙi zartar da ita, fafaromomin baya suka sassauta. Sarki Carlos na Huɗu ya sake hanawa a 1805. Ɗansa Fernando na Bakwai kuwa ya buɗe makarantar koyon wasan a Sevilla a 1830. Kun ga ke nan mutanen Sifaniya sun shafe fiye da shekara ɗari huɗu suna wannan ja-in-ja a tsakaninsu.

Na uku: mutanen da suka haifi filamenko.

A nan zan ɗan daɗe, domin wanda bai san mutanen ba ba zai ji waƙar ba.

Akwai al'umma da ake kira Gitano a Sifaniya, reshe ne na mutanen Romani, waɗanda asalinsu daga arewacin Indiya ne. Takarda ta farko da ta ambaci shigarsu ƙasar ta 1425 ce, sun kuma isa Andalusiya a 1462. An karɓe su da farko, amma a 1499 Sarki Fernando da Sarauniya Isabel, waɗanda suka karɓe Garnaɗa daga hannun Musulmi suka kori Yahudawa a 1492, suka ba su zaɓi: ko su zauna wuri ɗaya su kama sana'a ƙarƙashin ubangida, ko bulala, ko yanke kunne, ko kora. Dokoki irin wannan suka yi ta biyo baya. Mafi muni ya zo a daren 30 ga Yuli, 1749, zamanin Fernando na Shida. A wannan kamen aka tattara Gitano kusan 9,000. Aka raba maza da mata da gangan, don jinsin ya ƙare. Maza aka kai su aikin ƙarfi a ma'aikatun jiragen yaƙi na Cádiz da Cartagena da Ferrol, mata da ƙananan yara aka kulle su a wasu gidajen. Waɗansu sai a 1765 suka fito, bayan shekara goma sha shida.

Ba su kaɗai ne a ƙasan tsani ba. Akwai zuriyar Musulmin da aka tilasta wa shiga Kiristanci, waɗanda aka hana harshen Larabci da tufafinsu da kiɗansu na biki a 1567, sannan aka kori kusan 300,000 daga cikinsu tsakanin 1609 da 1614. Akwai kuma bayi baƙar fata daga Afirka ta Yamma. Ƙidayar Sevilla ta 1565 ta nuna bayi fiye da 6,000 a garin da mutanensa ba su kai 90,000 ba, kuma har yau akwai ƙungiyar coci a garin da aka kafa wa baƙaƙen fata tun ƙarshen ƙarni na 14. Sai manoman Andalusiya marasa gona, masu ƙwadago a gonakin manya.

Na san da yawa cikinmu za su so a ce filamenko gadon Andalus ne kai tsaye, tun daga Ziryab da ya iso Kurɗuba a 822 ya ƙara wa garayar Larabawa tsirkiya ta biyar. Lallai in ka ji yadda mawaƙi ke jan harafi ɗaya yana lanƙwasa shi, kunnen da ya saba da ƙira'a zai ji wani abu da ya sani. Amma mu tsaya a kan abin da ya tabbata: filamenko kamar yadda aka san shi ya bayyana ne daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19, wato kusan shekara ɗari uku bayan faɗuwar Garnaɗa. An dafa shi ne a unguwannin talakawa, Triana a Sevilla, Santiago da San Miguel a Jerez, da tashar jiragen ruwa ta Cádiz, inda duk waɗannan mutane suka cakuɗu, kuma gidajen Gitano ne suka fi riƙe wutar.

Ku duba sunayen ire-iren waƙar, za ku ga tarihin. Akwai martinete, waƙar maƙera, ba jita, sai murya da bugun masaba a kan uwar maƙera. Akwai carcelera, waƙar gidan yari. Akwai taranta da minera, na masu haƙar ma'adinai a Almería da Linares da La Unión. Akwai seguiriya, wadda kusan duk maganarta mutuwa ce da rashin uwa da asibiti. Mutumin da aka hana shi rubuta tarihinsa, ina zai ajiye shi in ba a maƙogwaro ba?

Na huɗu: yadda ake yin sa.

Ginshiƙai uku ne: waƙa, kiɗan jita, da rawa. Baƙo yakan ɗauka rawar ce uwa, saboda ita ido ke gani. Masu abin sun san waƙa ce uwa. Ire-irensa sun haura hamsin, kuma ba duka ne na baƙin ciki ba. Alegrías ta Cádiz ta murna ce, bulería ta Jerez kuma ta shagali da zolaya.

Abin da ke riƙe da su duka shi ne ma'aunin bugu. A manyan ire-iren, ana ƙirga goma sha biyu, a nauyaya na uku, na shida, na takwas, na goma, da na goma sha biyu. Ku gwada da tafi, ɗalibai: ɗaya, biyu, UKU, huɗu, biyar, SHIDA, bakwai, TAKWAS, tara, GOMA, sha ɗaya, SHA BIYU. Kun ji yadda ya fara da uku-uku ya koma biyu-biyu? Yaro a Jerez ba ya ƙirga wannan. A bayan uwarsa ya ji shi.

Filamenko na ainihi ba a kan dandamali ya taso ba. Ku ɗauka tsakar gida ce ranar suna ko aure. Mutane sun yi da'ira. Wani yana buga tebur da gaɓɓan yatsunsa, biyu suna tafi, ɗaya da tafin hannu a lanƙwashe don sautin ya yi taushi, ɗaya a buɗe don ya yi kaifi. Wani dattijo ya rufe ido, ya dunƙule hannu a ƙirji, ya saki murya mai kaushi wadda a makarantar waƙa za a ce ta lalace. Sai wata tsohuwa ta tashi da takalmin zaman gida, ta kama gefen zanenta, ta yi taku kaɗan da juyi ɗaya da bai kai minti ba, ta koma ta zauna, wuri ya kaure da sowa. Ba mai kallo a wurin. Kowa yana da aiki, ko da na ƙarfafa gwiwar mawaƙi ne da kalma.

Daga wajen 1860 abin ya fita zuwa gidajen shan gahawa masu dandamali, ya zama sana'a. Silverio Franconetti, wanda ubansa ɗan Italiya ne, ya buɗe nasa a Sevilla a 1881, shekarar da Antonio Machado Álvarez ya buga tarin baitocin waƙar da ya tattara daga bakin mawaƙa. A Yunin 1922 mai tsara kiɗa Manuel de Falla da marubuci Federico García Lorca suka shirya gasa a harabar fadar Alhambra, don tsoron tsohuwar waƙar za ta ɓace. Waɗanda suka yi fice su ne wani tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya, Diego Bermúdez, da wani yaro da bai wuce goma sha uku ba, Manolo Caracol.

Na biyar: wa ya ɗaure su tare?

Dangantakar ba ƙirƙira ba ce gaba ɗaya. Unguwanni ɗaya suka fito, kuma ga ɗan talaka na Andalusiya su ne ƙofofi biyu na fita daga yunwa. Mahaifiyar Joselito 'yar rawa ce Bagitaniya, Manolo Caracol kuma danginsu ne. Surukin Joselito, Ignacio Sánchez Mejías, wanda bijimi ya kashe a 1934, shi ne Lorca ya yi wa shahararriyar marsiyyarsa.

Amma waɗanda suka mai da su fuskar ƙasa baki ɗaya daga waje suka fara. Bafaranshe Prosper Mérimée ya rubuta labarin Carmen a 1845, Bizet ya mai da shi wasan waƙa a 1875: Bagitaniya kyakkyawa, da ɗan wasan bijimi, da wuƙa. Ba'amurke Ernest Hemingway ya ƙara da littafinsa na 1926, wanda ya sa duniya ta san bikin Pamplona, inda ake tsere a gaban bijimai a titi duk watan Yuli. Masana da yawa na Sifaniya sun ji haushin wannan hoto. Marubuci Eugenio Noel ya yi ta yawo gari-gari a farkon ƙarni na 20 yana laccar yaƙi da su biyun, yana cewa su ne alamar ci-bayan ƙasar.

Sai mulkin Janar Franco, daga 1939 zuwa 1975. A shekarun 1960, da gwamnati ta buƙaci kuɗin 'yan yawon buɗe ido, sai ta ɗauki bijimi da 'yar rawa ta liƙa a kowane talla. Ƙasa ce mai harsuna da al'adu daban-daban, Kataloniya da Bask da Galisiya, amma aka nuna wa duniya kamar kowa ɗan Andalusiya ne. Ga abin da ke ci mini rai a nan. A daidai lokacin da ake tallar ƙasa da rawar Gitano, ƙa'idojin rundunar tsaro ta Guardia Civil suna ɗauke da umarnin a riƙa sa musu ido na musamman, kuma ba a soke wannan ba sai 1978. A daidai lokacin ne kuma aka tashi iyalan Gitano daga Triana, inda suka yi ɗaruruwan shekaru, aka watsa su bayan gari. Unguwar da da yawa suka ƙare a ciki, Tres Mil Viviendas, tana cikin mafi talauci a duk Sifaniya har yau. An so waƙar, ba a so mawaƙin ba. Tsofaffin mawaƙa sun sha ba da labarin yadda suke kwana a ƙofar mashaya suna jiran wani ɗan masu kuɗi ya kira su ɗaki, su yi waƙa har asuba, ya ba su abin da ya ga dama.

Na shida: inda aka kwana.

A ranar 16 ga Nuwamba, 2010, a taron da ta yi a Nairobi, hukumar UNESCO ta sa filamenko cikin gadon al'adun bil'adama. A watan Yulin wannan shekarar majalisar Kataloniya ta kaɗa ƙuri'ar hana wasan bijimi. Gwamnatin tsakiya ta mayar da martani da dokar 2013 da ta ayyana wasan a matsayin gadon ƙasa, kotun tsarin mulki kuma ta soke hanin Kataloniya a 2016. To, an koma yi a Barcelona? Ba a koma ba. Wasan ƙarshe a can shi ne na Satumbar 2011. Alƙaluman ma'aikatar al'adu sun nuna wasannin da ake yi a filaye sun sauko daga fiye da 3,600 a 2007 zuwa ƙasa da 1,500 a 2019. A 2024 ma'aikatar ta soke lambar yabo ta ƙasa da take ba 'yan wasan. A shekarar ce kuma Kolombiya ta yi dokar hana shi. Har yanzu Las Ventas tana cika a bikin watan Mayu, ban musa ba, amma doka ce ke tallafe da shi a wurare da dama.

Filamenko fa? Shi ma an sha yi masa kukan mutuwa, amma duk lokacin da ya canza sai ya ƙara ƙarfi. Carmen Amaya, 'yar unguwar bukkoki a bakin tekun Barcelona, ta sa wando ta yi rawar ƙafa irin ta maza, aka yi surutu, aka bi ta. Paco de Lucía, wanda ba Gitano ba ne, ya je Peru a 1977 ya ga akwatin katako da zuriyar bayin Afirka ke bugawa, ya kawo shi gida. Yau da wuya ka ga ƙungiyar filamenko ba wannan akwati, har matasa na ɗauka tun asali yana nan. Abokin Paco, Camarón de la Isla, ya fitar da faifan La leyenda del tiempo a 1979 da ganguna da jitar lantarki. Ana ba da labarin tsofaffi sun riƙa mayar da faifan kanti suna cewa wannan ba Camarón ba ne. Da ya rasu a 1992 yana da shekara 41, dubban mutane ne suka raka gawarsa a San Fernando. A 1988 ƙungiyar Ketama ta zauna da Toumani Diabaté na Mali, makaɗin kora, suka yi faifan Songhai, kuma kiɗan ya haɗu ba tare da an tilasta shi ba. A 2023 majalisar Andalusiya ta yi dokar shigar da filamenko cikin karatun makarantu. A Japan ma akwai makarantunsa birjik.

Me ya sa ɗaya ke iya canzawa, ɗayan ba ya iyawa? A Fotugal galibi ba a kashe bijimi a gaban jama'a. A Sifaniya kanta akwai samari masu tsallake bijimi da kauce masa hannu-rabbana, ba mashi ba takobi. Amma da tsibiran Baleares suka yi doka a 2017 cewa a yi wasan ba kisa, kotun tsarin mulki ta soke wannan sashe a 2018, masoya wasan kuma suka ce in ba mutuwa to ba wasa. Da bakinsu suka faɗi inda zuciyar abin take.

Suna da hujjoji, kuma ya kamata a saurare su. Sun ce bijimin nan yana shekara huɗu ko biyar yana kiwo sakaka a dajin itatuwa, rayuwar da san da aka tsare a keji don nama bai taɓa gani ba. Gaskiya ne. Sun ce in wasan ya mutu jinsin zai ɓace, dazuzzukan kiwon su lalace, dubban mutane su rasa abinci. Wannan ma abin dubawa ne, kuma haƙƙin gwamnati ne ta nema musu mafita. Sun ce Goya da Picasso sun zana shi. Sun zana, kamar yadda suka zana yaƙi. Amma kyautata wa dabba shekara huɗu ba ya halatta azabtar da ita minti ashirin don a tafa. Mu an koya mana a wasa wuƙa kafin yanka, a hutar da abin yankan, kada a mai da mai rai abin gwajin makami. A kan wannan ne majalisar fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, a zamanta na Makka a 1987, ta yanke cewa wasan haramun ne. Kuma ba sai Musulmi ba, Fafaroma ya riga ya faɗa tun 1567.

Matador ya zaɓi shiga filin, ana biyansa, in ya mutu a yi masa gunki. Bijimi ba wanda ya tambaye shi. Mawaƙin filamenko kuwa ciwonsa da na kakanninsa yake fitarwa, da maƙogwaronsa, ba ya ɗora wa kowa. Hukuncina shi ne wasan bijimi mai kisa ya kamata ya tsaya, filamenko kuma bashin da yake bin Sifaniya ba na lambar yabo ba ne, na gidaje da makarantu da aikin yi ne ga jikokin waɗanda suka haife shi.

Ɗalibai, kada ku tsaya a kan maganata. Ku nemi Camarón yana waƙa Paco de Lucía yana masa jita, ku nemi muryar La Niña de los Peines a tsofaffin faifai, ku nemi Songhai, ku saurara da kunnenku.